Gudun Gwaggo a Bakin Kogi

Zuwa ga Yaya Ungozoma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki, ina kuma gaishe ki da zaman wannan tsaunin naku da ko sabis ɗin waya ya kasa hawa. Mu nan lafiya lau muke. Baban yara ya yi mura ya warke, yara suna makaranta, ni kuma ina nan ina fama da keken ɗinki da masu kawo ɗinki, waɗanda kowacce kayanta na gaggawa ne. Direban motar maganinku ya ce zai biyo ta shago kafin ya hau, shi ya sa na zauna rubutu. Ko da wayar tana shiga ma, ba zan iya wannan maganar a gida ba, don tun da idon Gwaggo ya tafi kunnenta ya zama na mutum biyu.

Zancen ido dai kin riga kin ji abin da likita ya ce, ciwon suga ya gama ɓarnarsa, babu abin da za a ƙara yi. Abin da ba ki ji ba shi ne yadda mahaifiyarki ta koma bayan nan. Yaya, matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana koyar da motsa jiki, wadda usur ɗinta ya sa na riƙa ɓuya a bayan aji ina 'yar firamare, ita ce ta shige ɗaki ta juya wa ƙofa baya. In kai abinci, in dawo in tarar da shi yadda na ajiye. Rediyon da kika aiko ko taɓa shi ba ta yi ba. In yi ta zuba mata hira, amsar ba ta wuce "to". Ban rubuto miki ba don na san kina da masu naƙuda a wuyanki, amma gaskiya na tsorata.

Kin san ta layinmu masu zuwa gudu bakin kogi suke wucewa da sassafe. Wata safiya na kai mata shayi, sai ta ɗaga hannu wai in yi shiru. Wasu ne ke wucewa a waje. Can ta ce, "Na bayan nan yana jan ƙafar hagu, gwiwa za ta dame shi." Tun dawowarmu daga asibiti ban ji ta yi magana mai tsawon wannan ba. Sannan ta ce, "Auta, duba ƙasan akwatina, akwai takalmi."

Ta sa na ɗinka maɗauri da ragowar yadi mai kauri, tsawonsa kamu ɗaya, da wurin zura hannu a kowane gefe, ita ta riƙe ɗaya ni in riƙe ɗaya. Na ce, "Gwaggo, ni fa rabona da gudu tun ranar da kare ya bi ni." Ta ce, "To yau karen ya dawo, sa takalmi."

Bari in kwatanta miki hanyar, don kar ki zaci jeji nake kai ta. Zagaye ce. Ana shiga ta ƙofar gidan famfo, inda wani dattijon maigadi ke zama, a bi gefen kogi a kan siminti, tafiya mai ɗan nisa, har gadar ƙarfe. A haye, a shiga kurmi. Can hanyar ƙasa ce, ga inuwa, ga sanyi, ga kukan tsuntsaye, ga kuma saiwoyi sun yi ɗaiɗai a ƙasa. Daga kurmin sai a fito gadar katako, wata 'yar siririya, a sake hayowa, sai ga mutum dab da ƙofar da ya shiga. Da tafiya muka fara. Yanzu sassarfa muke yi a kan simintin da wuraren da kurmin ya yi sarari, ita tana numfashi kamar tana zaune, ni kuwa ana jiyo hakina daga ƙetaren ruwa.

A kan gadar ƙarfe takan tsaya ta ce in faɗa mata launin ruwan. Ni da ban san komai ba sai yadi, sai in ce yau ruwan toka ne mai sheƙi, ko in ce kore ne wanda ya sha wanki. Sai ta gyaɗa kai ta ce mu tafi.

Yaya, tana cin abinci. Jiya har ƙari ta nema, ta kuma yi wa Baban yara faɗa a kan tumbinsa. Na san ban nemi izininki ba kafin mu fara, don Allah kar ki yi fushi.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na gode da gaisuwa, ina fatan murar ba ta zagaya kan yara ba. Ni lafiya nake, sai gajiya. Ruwan sama ya fara a nan, matan kuma kamar sun haɗa baki, duk a watan nan suke haihuwa.

A tsaye na fara karanta takardarki, kafin in kai ƙarshe sai da na jawo kujera. Da farko dai na gode. Kakanninmu ne wa da ƙane, dangantakar da sai an zauna an warware kafin yara su gane, amma ke kika buɗe wa Mama ƙofa don gidanku ya fi kusa da asibitin ido, alhali waɗanda suka fi ki kusa da ita kowa ya samu uzuri. Ba zan manta ba. Da na karanta cewa ta nemi ƙari, sai da na yi hawaye.

Amma Auta, gudu? A kurmi? Ki saurare ni da kyau, don wannan fannina ne. Mai ciwon suga irin na Mama ba ya jin ƙafarsa sosai, kuma in ya ji rauni ba ya warkewa da wuri. Na ga wanda tsakuwa ɗaya a cikin takalmi ta yi sanadin ƙafarsa. Ido ya riga ya tafi, ba zan iya jure a ce ƙafa ta bi shi ba.

Ba zan ce ku daina yau ba, tunda tana ci. Ga dai abin da nake so. Kullum in kun dawo ki cire mata safa da hannunki, ki duba tafin ƙafar da tsakanin yatsu. Ki zazzage takalmin kafin ta sa. Ki faɗa mini gaskiya a kan gadar katakon nan, tana da abin dafawa ko babu? Sannan ki sani, in ta faɗi ko sau ɗaya ne, zan sauko in ɗauke ta. Akwai ɗaki a bayan asibitinmu, na riga na yi magana da shugaban wurin. Nan ba wurin fita ba ne, daga matakala sai gangare, zama kawai za ta yi. Amma a gabana za ta zauna, da ƙafafunta biyu.

Kuma kar ki ji haushina, ke ce fa wadda ba ta iya ce wa mai ɗinki kayanta ba su gama ba. Ina mamakin yadda za ki iya da Mama a cikin itatuwa.

Yayarki

*

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan matan tsauni sun ɗan sassauta miki. Mu duk lafiya. Ƙafar Gwaggo fes take, kullum sai na duba, ita kuma kullum sai ta ce na mayar da ita jaririya. Gadar katako tana da abin dafawa a gefe ɗaya, kuma a kanta ba ma gudu, tafiya muke yi tana riƙe da shi. Sandar da asibiti suka ba ta kuwa ta ƙi ta ƙememe, tana bayan ƙofa muna rataya mata lema.

Maganarki ta ƙarshe ta yi mini zafi, don gaskiya ce. Matsalar gudun nan ba ƙafar Gwaggo ba ce, bakina ne.

Shekaranjiya a kurmi na hango saiwa a gabanmu. Na buɗe baki na ce, "Gwaggo, don Allah ki yi haƙuri, kamar dai akwai wata 'yar..." Ban kai ga saiwar ba ita ta kai. Kar gabanki ya faɗi, ba faɗuwa ta yi ba, durƙusawa ta yi a kan gwiwa ɗaya, na kuma riƙe ta da maɗaurin. Wandon ne kawai ya kwashi ƙasa. Na naɗe shi na duba, ko ja fatar ba ta yi ba.

Ta miƙe ta kakkaɓe, ta juyo daidai inda nake kamar tana ganina. Ta ce, "Auta, saiwar nan gaisuwarki za ta tsaya jira? Kalma ɗaya nake so. Ɗaga. Sauka. Hagu. Dama. Tsaya. Da ƙarfi, kuma kafin mu isa."

Na ce, "Haba Gwaggo, yaya zan daka miki tsawa kamar ina kora jaki?"

Ta ce, "Jakin ai ya fi ni, shi yana gani."

Yaya, kin san yadda aka raine mu. Babana da furfurarsa bai taɓa zama a kujera Gwaggo tana tsaye ba. Ni ko ruwa zan miƙa mata sai na rusuna, ko da yanzu ba ta gani, jikina ne ke yi da kansa. Sai a ce yau in buɗe maƙogwaro a gaban jama'a in ce mata "tsaya", ba don Allah, ba ki yi haƙuri? Wallahi kalmar tana zuwa har bakin haƙorana, sai kunya ta lulluɓe ta da wasu guda biyar.

Ta ba ni aikin gida, kin san malama ba ta ritaya. Wai in riƙa gwadawa a shago a kan mutum-mutumin da nake rataya riguna. A can kam na ƙware. Jiya na kwatsa masa "Tsaya!" daidai lokacin da wata mai karɓar ɗinki ta sako ƙafa, baiwar Allah ta sandare a bakin ƙofa da jaka a hannu, sai da na yi ta ba ta haƙuri. Amma yau da safe, da muka shiga kurmi na ji hannun Gwaggo a ɗaya gefen maɗaurin, sai ga "don Allah" ta sake fitowa da kanta. Dabarar da na samo ita ce in ja maɗaurin in rage gudu tun daga nesa. Ta gane, ta ce ina cutar ta.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Amma da kin ga fuskarta yau a inda kurmin ya buɗe rana ta faɗo mana, ta ce, "Mun fito fili ko? Na ji a goshina." Sai ta ƙara sauri, dole na bi.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Ina gaishe ku duka. Lafiyata ƙalau. Direba yana tsaye yana jirana, hadari kuma ya haɗo, don haka ba zan ja ba.

Ta faɗi. Ki kira shi durƙuso ko duk abin da kika ga dama, ta faɗi. Kin manta gidan da muka fito? Lokacin da mahaifina ke kwance ina makarantar ungozoma, "da sauƙi" aka yi ta aiko mini, har ranar da aka ce in taho a yi zaman makoki da ni. Mu ba ma faɗin abu da girmansa. In kin rubuta gwiwa ɗaya, ni biyu nake karantawa. In kin ce fatar ba ta yi ja ba, sai in ga bandeji. Takardar nan na juya ta gaba da baya ina neman abin da kika rage.

Ko ma a ce duk gaskiya ne, da bakinki kika ce ba ki iya yi mata kashedi a kan lokaci. To me ya rage? Yau saiwa ce, gobe bakin ruwa.

Ku daina daga ranar da takardar nan ta same ki. Ki karɓe takalmin. Na nemi hutu, an ce da zarar an samo mai riƙe mini wuri zan iya saukowa. Ki fara haɗa mata kayanta a hankali. Ba laifinki nake gani ba, kin yi abin da ya fi ƙarfinki, amma ni na san abin da nake gudu.

Yayarki

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ban san halin da kuke ciki ba, shi ya sa ban san me zan yi fata a kai ba. Ni dai ina nan.

Tun ranar da direba ya sauka da waccan takardar ruwa bai ɗauke ba. Hanya ta zabtare a ƙasan tsauni, mota ba ta hawa ba ta sauka. Wannan takardar kuwa wani mai babur na roƙa, wanda zai bi ta zagaye, ya ce zai jefa ta a akwatin gidan waya in ya isa gari. Na hau bayan tankin ruwa, inda wani lokaci waya ke kamawa, na ɗaga ta sama har hannuna ya gaji, ko layi ɗaya babu.

Na san hanya ce ta hana amsarki zuwa. Kaina ya sani, cikina ne ya ƙi yarda. Ina cikin karɓar haihuwa sai in ga gwiwar Mama ta kumbura. Jiya na kira wata mai jego da sunanki. An ce koguna duk sun cika a ƙasa, naku ma haka?

Na yi miki rubutu da zafi, na sani. Ki yi haƙuri. Kin karanta mata ne? Me ta ce? Mama ba ta faɗa in abu ya yi mata ciwo, shiru take yi, kuma shirunta na fi tsoro. Tana cin abinci? Ni rabona da ita tun tana gani, ranar da na rako ta gidanku ta tsaya a ƙofa tana gyara mini wuyan riga. Duk abin da na sani game da makantarta a takarda na karanta shi.

Ki rubuto ko layi biyu ne, ki ba duk wanda zai hau.

Yayarki

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Takardunki biyu duk sun iso, ta biyun jiya. Direba ya ce an gyara hanya, gobe zai hau. Muna raye, muna lafiya, Gwaggo tana ɗakinta. Na fara da wannan don ki iya karanta sauran a zaune. Yau ba zan rage miki komai ba.

Ranar da umarninki ya zo, tun daga ƙofa ta ji ƙarar takarda a hannuna. Ta ce in karanta mata duka, kar in tsallake. Na karanta. Ta sunkuya ta laluba takalmin ta miƙo mini. Ta ce, "Yanzu ita ce uwar, a yi yadda ta ce." Na kai shi kicin na tura bayan buhun gawayi. Daga ranar ta koma inda ta fito. Ta juya wa ƙofa baya, abinci yana dawowa yadda ya tafi. Da safe in masu gudu suna wucewa, sai ta ja bargo ta rufe kai. Ruwa kuma ya yi ta zuba, kogi ya cika har ana jin ƙuginsa daga layinmu.

Ranar da aka wayi gari ba ruwa, na kai mata shayi na tarar da ɗaki wayam. Na leƙa kicin, an janye buhun, takalmin ba ya nan. Ashe ta ji inda na ajiye shi. Maɗaurin kuwa yana rataye a ƙusarsa.

Da silifas na fita. Maigadin gidan famfo na ganina ya miƙe, ya ce, "A'a, ba kina tare da Malama ba? Ta wuce da daɗewa a bayan wani mai gudu, na zaci kina biye." Sai ya dafe kai. Ya ce ruwa ya kwashe katakan tsakiyar gadar katako, ma'aikata sun ɗaura jan ƙyalle a bakinta, kowa daga gadar ƙarfe yake juyowa. Jan ƙyalle, Yaya. Wa zai faɗa wa Gwaggo akwai jan ƙyalle?

In na bi bayanta ba zan cim mata ba. Sai na yanke ta baya, tunda gadar katakon tana kusa da ƙofa. Ban yi tunanin cewa hakan zai ajiye ni a wannan gefen ita tana wancan ba, sai da na isa. Na hau har inda katako ya ƙare. A gabana rami, ruwa ja yana tafasa a ƙasa, faɗinsa ya fi ƙarfin tsallake. Na ɗaga kai, sai ga ta ta fito daga kurmi, gwiwoyinta duk laka, hannu ɗaya a gaba tana laluben iska. Ta samu abin dafawa ta kama. Ƙyallen ya taɓa ƙirjinta ya kwance, ta ci gaba da tahowa da saurinta.

Kin san me ya fito daga bakina? "Gwaggo, don Allah..." Wallahi shi ya fito. Ƙarar ruwa ta haɗiye shi, ko ni ban ji kaina ba. Tana tahowa. Babu maɗauri da zan ja, babu hannu da zai kai. Na ga katako na ƙarshe a gaban ƙafarta.

Ban san daga ina muryar ta zo ba. "TSAYA!" Tsuntsaye suka tashi daga itatuwa. Ta tsaya cak, ƙafa ɗaya a sama, ta mayar da ita baya ta ajiye.

Na ce, "Baya!" Ta ja baya. "Baya! Riƙe abin dafawa! Baya!" Haka na yi ta kora mahaifiyarki kamar ba ni na taɓa rusuna mata ba, har ta sauka daga gadar. "Dama! Zauna!" Ta zauna a kan wani kututture, hannuwa a cinya. Maigadi ya iso yana haki. Na ce ya tsaya nan ya yi ta yi mata magana kar ta motsa, ni kuma na juya na zagaye hanyar gaba ɗaya, siminti, gadar ƙarfe, kurmi. A kurmin silifas ɗaya ya tsinke, na ƙarasa ba shi.

Na same ta inda na bar ta. Na faɗi a gabanta ina kuka ina ba ta haƙurin tsawar da na yi mata. Ta laluba kaina ta riƙe. Ta ce, "Rufe mini baki. Yau kaɗai kika yi mini magana kamar mai rai." Sai ita ma ta fashe da kuka, abin da ba ta yi ba ko a ranar da likita ya yanke mata zance.

A hanyar dawowa na tambaye ta ko ba ta ji ƙarar ruwan ta canja a ƙarƙashin gadar ba, ita da kunnenta. Ta ce ta ji. Na ce to me ya sa ba ta tsaya ba? Ta ce, "Ba wanda ya ce in tsaya." Yaya, amsar nan ta tsaya mini a rai. Ban sani ba ko taurin kai ne, ko kuwa ta kai inda ba ta damu da abin da zai faru ba, kuma ina tsoron in sake tambaya.

Ga lissafin jikinta da girmansa. Ta faɗi sau biyu a kurmi ita kaɗai. Akwai yanka a ƙwaurin dama, faɗin maɓallin riga. Na kai ta asibiti a ranar, sun wanke sun rufe, sun ce a dawo a duba. Tafin ƙafa da yatsu ba abin da ya same su.

Ban haɗa kayanta ba, hannuna ya ƙi. Takalmin na wanke na ajiye a bakin ƙofarta, ban ba ta ba, ban kuma ɓoye ba. Ta ce in faɗa miki in kin zo za ta bi ki, ba za ta yi gardama ba. Ni ba ni da ta cewa, 'yarta ce ke. Abin da na gani dai na faɗa miki.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na gode wa Allah, na gode miki. Ki gaishe da Baban yara da yara, ki kuma gaishe mini da dattijon nan na gidan famfo. Ni lafiya nake.

Yankan nan, kar ruwa ya taɓa shi. Ki duba gefensa safe da yamma, in ya yi ja ko zafi ko ya fara wari, ki mayar da ita asibiti a take, kar ki jira ranar da suka ce. Ba gudu sai ya rufe sarai. Wannan ba zan sassauta ba.

In ya rufe, ki miƙa mata takalminta. Ki ce ni na ce.

Na je na gaya wa shugaban asibiti ya bai wa wani mutum ɗakin da na nemar wa Mama. Kafin in je sai da na shiga na zauna a bakin gadon, na rufe ido na saurara. Ba abin da ake ji sai ɗigar tanki. Na yi ta tunanin ƙafarta, ban yi tunanin inda za ta taka da ita ba. Tsoron bai tafi ba, kar ki zaci ya tafi. Duk safiya zan riƙa duba agogo in ce yanzu suna bakin kogi. Ku tsaya a gadar ƙarfe ku juyo har sai an gyara waccan, kuma ki daka mata tsawa yadda ya kamata, na yafe miki a madadin dangi gaba ɗaya.

An samo mai riƙe mini wuri, amma zan jinkirta har ki rubuto cewa kun koma fita. Kar ki faɗa mata ranar da zan zo. Ba gida zan fara sauka ba. Ki ce wa maigadi ya bar ni in shiga da wuri, zan tsaya a gefen hanya kusa da gadar ƙarfe, in kin hango ni kar ki yi magana, ku wuce kawai. Na daɗe ina jin tsoron ranar da zan shiga ɗaki in ce Mama, ta juyo ta kalli bango. In dai dole ne in ga uwata ba ta ganina, to bari in fara ganinta tana gudu.

Yayarki